Ɗaliban Sani Sun Zo Neman Ruwa

Ƙanwata Hajara,

Salamu alaikum. Ya gida, ya jikin Malam, ya yara da zaman Fatakwal? Mu nan Sandamu lafiya.

Ɗaliban da marigayi ɗana Sani ya koyar a jami'a sun zo cika alkawarinsa na nemo mana ruwa. Suka kafa ƙarafuna a gona, suka ja wayoyi zuwa na'urarsu ta gano ruwa, yadda yakan yi in ya zo hutu. Suka ce akwai ruwa gindin tsamiya. Mata suna ta guɗa, ni dai ina zaune.

Na tambayi babbansu, "Ɗan nan, na'urarku tana jin wanda ke kwance a ƙasa?" Ya ce, "Inna, dutse da ruwa kawai." Na ce to, na dama musu fura.

Ki sa Sani a addu'a. A gaida mutan gidan.

Yayarki, Delu