Muryar Inna a Wayoyin Mutane

Lahadi, 10 ga Oktoba, 2010. Agiye.

Na dawo Agiye daga ƙauyenmu Gangara.

Da hantsi na yi wa Inna sallama na fita neman mota. A bakin hanya na tuna na bar hulata, na juyo. Ina isowa bayan danga sai na ji tana daka tana waƙa. Ta ɗauka na yi nisa, ƙanwata Nazira kuma ta tafi rijiya. Sai na ji sunana.

Ni ne ɗan farinta. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa jin "Safiyanu" ya fito daga bakin matar nan ba. "Wancan." "Na Agiye." In ta matsu, "Ke Nazira, ce wa yayanki." Tun da aka yaye ni Gwaggo Kande ta ɗauke ni, kamar yadda aka saba. Na san kunya ce, kowa haka yake yi, amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba. Yau ga ta tana buga taɓarya tana cewa:

Safiyanu, Safiyanu na farko,
Na goya ka ban waiwaya ba,
Na ba ka nono ina kallon bango,
Allah ya san inda idona yake.

Ban san sanda na ciro sabuwar salulata na danna wurin ɗaukar murya ba. A'a, ƙarya nake, na sani sarai. Hular ma can na bar ta.

Talata, 12 ga Oktoba

Na saurara kafin in shiga aji, na saurara a lokacin hutu. Ƙato da ni, malami guda da ake kira Mushe, ina share hawaye a bayan lakol, makarantar da nake koyarwa.

Asabar, 16 ga Oktoba

Mushe Idrisa, abokin aikina, ya ce waɗannan ƙananan katunan ajiya na waya ba su da amana, rana ɗaya sai su mutu da duk abin da ke ciki. Gabana ya faɗi. Na tafi tasha wurin Hambali mai tura waƙoƙi, na ce ya ajiye mini kwafi a kwamfutarsa.

"Mi ke ciki, Mushe?"

Na ce waƙar wata tsohuwa ce. Wata tsohuwa! Kunyar in ce uwata ce ta hana ni, don haka ban ce masa sirri ne ba.

Lahadi, 31 ga Oktoba

Innalillahi.

Yau ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki, an sa mu malamai aikin rumfar zaɓe. Ni ke dangwala wa mutane tawada a yatsa. Wani ɗan kabu-kabu ya miƙo hannu, sai wayarsa ta yi kuka a aljihu. Muryar Inna. Har da ƙarar taɓaryar. "Safiyanu, Safiyanu na farko." Ya ɗauka ya ce yana layi, ya kashe, ya sake miƙo mini yatsa kamar ba abin da ya faru.

Na ce ina ya samo wannan. Ya ce, "Sabuwa ce, Mushe, ita ake yayi. Kunna bulutut ɗinka in turo ma."

Tawadar ta zube mini a riga.

Litinin, 1 ga Nuwamba

Na je wa Hambali da zafi, na dawo a sanyaye. Na ɗaga murya har masu shayi suka juyo. Shi ko a jikinsa.

"Ka ce mini kar in tura? Waƙa ka ce, na sa ta cikin waƙoƙi. Wanda ya kawo kati ya ce cika mini, cika mishi nake."

Da na gaya masa ko muryar wa ce, sai ya cire hula ya dafe kai. Ya goge a gabana. Amma ya ce direbobi sun kwasa, ɗalibai sun kwasa, kowa kuma na tura wa na kusa da shi kyauta. Ya ce, "Mushe, wannan zarar bunu ce, ta riga ta fita."

Ina son laifin ya zama nasa. Na juya shi ta kowane gefe, ya ƙi zama.

Alhamis, 18 ga Nuwamba

Na je Gangara Sallar layya da niyyar in faɗa mata da bakina. Waƙar ba ta iso ba tukuna. Ta aiko Nazira da soyayyar hanta, ta ce a kai wa wancan. Na ci kaɗan, na ture sauran. Na buɗe baki sau biyu, sau biyu ina tambayar yadda gyaɗa ta yi bana.

Matsoraci. Ba wani suna.

Talata, 30 ga Nuwamba

Rediyo ba ta da zance sai na takardun sirrin Amurka da aka watsa a intanet. A ƙarƙashin bishiyar bedi malamai suka kaure da musu. Idrisa ya ce ko ƙasa ko mutum, kowa na da abin da bai kamata a bankaɗo ba. Ni kuwa bakina da ya saba, na ce zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce, ba ga shi mu ma muna shirin komawa mulkin farar hula ba, mai gaskiya ba ya tsoron a ji. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa.

Da aka watse Idrisa ya biyo ni. Ya ja ni gefe ya kunna mini. Wani a Maraɗi ya sa ta a kwamfuta ya ɗora mata kiɗa, ya ƙara mata sauri, ya sa sunana yana maimaituwa kamar mai in'ina. Ya ce, "Na yi shiru ne don ban tabbatar ba. Kai ne?"

Na ce Safiyanu nawa ne a ƙasar nan. Ya dube ni kawai.

Lahadi, 5 ga Disamba

Waƙar ta isa Gangara.

Nazira ta kira ni da tsohuwar wayar da na bar mata, tana kuka. Ran kasuwa Inna na zaune gaban ƙuli-ƙulinta da man gyaɗa, sai wani mai sayen mai ya tsaya, wayarsa ta yi kuka. Matan da ke gefenta tare suka yi 'yan matanci, ba wanda zai gaya musu muryar wa ce. Ɗaya ta rafka guɗa. Wata ta ce, "Ashe ana so ana kaiwa kasuwa, uwar Safiyanu!" Duk rayuwarta uwar Nazira ake ce mata.

Ta tashi ta bar kayan a nan, ta rufe fuska da gyale ta tafi gida. Nazira ce ta kwaso.

"Yaya, wa ya yi mata haka? Wane la'ananne ne ya laɓe mata?"

Na ce ni ne. Sai ta kashe.

Asabar, 11 ga Disamba

Na je. Inna ba ta fito ba. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, ta amsa "lafiya" daga bayan asabari, shi ke nan. Nazira ta ce tun ranar ba ta taka ƙofar gida ba, ko barkar haihuwar maƙwabta ba ta je ba. Daka ma ta bar wa Nazira.

Gwaggo Kande ta kira ni zaure. Ban taɓa ganin ta haka ba.

"Karatun ke nan? Ka tuɓe wa uwarka zane a kasuwa?"

Ni da rashin ta-ido sai na ce, Gwaggo, wai mene ne abin kunya don uwa ta so ɗanta? Na ce shekara talatin ina jira in ji.

Ta ce, "Ka ji mi? Wa ke aiko mini da fura kullum safe a ce ta yaro ce? Wa ta sayar da tunkiyarta sanda za ka kwaleji, ta ce in ce ni ce? Duk Gangara an san tana son ka. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, sai da ƙarfe ya gaya ma."

Ban kwana ba, na biyo motar yamma. Zancen tunkiyar ban taɓa ji ba.

Litinin, 20 ga Disamba

Abin da ba zan iya gaya wa kowa ba: har yanzu tana cikin wayata, kuma yau ma na saurara.

Alhamis, 6 ga Janairu, 2011

Motar kamfen ɗin wani ɗan takarar kansila ta wuce gaban lakol da lasifika, tsakanin jawabi da jawabi suna sa waƙar Inna mai kiɗan nan don tara jama'a. 'Yan ajina suka ɗauka baki ɗaya, suna satar kallona. Na daka musu tsawar da ban taɓa yi ba, har wata yarinya ta fashe da kuka. Me ta yi mini? Wani direba kuma ya ce ya ji ta a Gidan Rumji wajen masu awon hatsi.

Na daina zuwa majalisar shayi. In aka kira sunana a hanya sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wai ni da na kwashe shekaru ina son a faɗe shi.

Asabar, 22 ga Janairu

Nazira ta aiko cewa Inna ta ce in zo. Na zo.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta ba ni baya. Ta rame, wuyanta duk ya fito. Na durƙusa nesa kaɗan. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"An ce kai ma kana da ita."

Na ce e.

"Ba mai kiɗan ba."

Na ce ta ainihin ce, yadda ta fito.

"Sa in ji."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na kunna na ajiye a kan tabarma. Muka saurara mu uku, Nazira na tsaye a ƙofar madafa. Hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya har waƙar ta ƙare. Sannan ta ce, "Ashe haka muryata ta tsufa."

Na ce Inna ki yafe mini, ban yi don in tozarta ki ba, so nake in riƙa ji.

Ta ce, "Ta hannun mutane ta tafi, ba ni da iko da ita. Wannan ta hannunka fa, tawa ce ko taka?"

Na so in ce tawa ce, ai sunana ne a ciki. Na so ƙwarai. Amma ba ni aka yi wa ba, ita da turminta da Ubangijinta ta yi wa, ni laɓewa na yi. Na ce taki ce.

"Tau ba ni abata."

Na buɗe bayan wayar na zaro katin, ɗan mitsitsi kamar farce, na ba Nazira ta miƙa mata. Ta jujjuya shi a tafin hannu, ta ce duk wannan masifar a cikin wannan? Ta tashi ta jefa shi a turmi, ta ɗaga taɓarya, bugu ɗaya. Ta koma kan gyaɗarta.

Da zan tafi ta ce wa Nazira, "Ce mishi ya ɗauki hularshi, tana nan rataye tun kaka." Ba ta dube ni ba. Ban sani ba ko yafiya ce.

Juma'a, 4 ga Fabrairu

A motar Gazawa wayar na kusa da ni ta yi kuka da ita, ta ainihin, marar kiɗa. Rabona da ji tun ranar. Ya ga na ƙura wa wayar ido, ya ce in ina so ya turo mini, ba wuya. Na ce wayata ba kati. Gaskiya ne ai. Da ma dai ban saya ba tukuna.

Laraba, 23 ga Fabrairu

An ce Inna ta koma kasuwa. An tsokane ta, ta ce wanda bai zo sayen ƙuli ba ya ba ta wuri. Waƙar ma an fara gajiya da ita, wata sabuwa ta fito. Hambali yanzu sai ya tambayi mutum "na turawa ne ko na ajiya?" kafin ya karɓi kati. Ya gaya mini yana jiran in yaba masa. Na yaba.

Daka dai Inna ta koma yi, in ji Nazira, amma shiru, sai ƙarar turmi.

Lahadi, 13 ga Maris

Jiya aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, gari duk an kafa kunne a rediyo. Ni gyaran takardun yara nake da hantsi sai ga kiran Nazira, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, Inna na waƙa. Wallahi ta fara. Ta ɗauka na tafi rijiya. Tsaya in matsa jikin danga ka ji."

Ina jin takunta. Ina jin bugun taɓarya yana matsowa, da wani abu sama-sama da bai gama zama murya ba. Saura kaɗan.

Na ce, "Ke! Bar wurin nan. Ɗauki tulunki ki tafi rijiyar da kika ce."

Ta ce ai ba ɗauka za ta yi ba, ji kawai zan yi. Na ce na sani. Na kashe.

Ban san me take cewa a waƙar ba, ko da sunana ko babu. Na zauna da jan biro a hannu har aka kira azahar, ban gyara ko takarda ɗaya ba. Ba komai. Gobe akwai lakol.