Rigar Aikin Ƙaninki

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Babban ya riƙe shagon kafintan babansu, auta ta koma makaranta. Gidan ne dai shiru, in la'asar ta yi har yanzu sai in ji kamar za a turo ƙofa.

Godiya na rubuto in yi miki a kan 'yar tamu, takwararki. Bayan rasuwar ƙaninki, da dangi suka ce ta ajiye digirin nan na biyu ta dawo ta zauna da ni, ke kaɗai kika ce a bar ta ta ƙarasa. Ni lokacin ban ma san me take karantawa ba. Ta dai ce tsofaffin kayan tarihi suke dubawa, su gano abin da ke cinsu, su yi musu magani. Babanta likitar tsumma yake ce mata, wai ya haifi likita amma in kansa ya yi ciwo sai ya je kemis.

To Yaya, aikin nata ya iso har ɗakina. Kin san shuɗiyar rigar aikinsa. Da muka dawo daga asibiti na tarar da ita rataye bayan ƙofa, na kasa wankewa. Na naɗe ta a leda na ɗaure tam, na tura ƙasan akwati don kada ƙanshinsa ya fita, na ƙurar katako da gumi da turaren nan nasa. In abin ya taso mini sai in kwance ledar in shaƙa, in mayar. Da takwararki ta zo hutu na nuna mata, sai na ga fuskarta ta sauya. Ashe ledar ta riƙe laima, fumfuna ta kama bayan rigar, ƙwari sun fara cin wuyan. Ta ce in aka bar ta haka, wata rana ina ɗagawa za ta zube a hannuna. Na miƙe zan ɗauko sabulu, ta riƙe ni, ta ce su ba sa taɓa abu sai sun gama sanin shi.

Malamarsu, Allah Ya saka mata, ta yarda a kai rigar ɗakin aikinsu, ni ma aka ce in je. Dogayen tebura farare, fitilu masu lanƙwasasshen wuya, ga sanyi, kowa da safar hannu. Suka shimfiɗa rigar ƙaninki kusa da wata tsohuwar darduma, suka duƙa a kanta da gilashin ƙara girma. Takwararki ta dinga nuna mini tabo ɗaya bayan ɗaya tana tambayar asalinsa, don wanda ɓarna ce za su cire, wanda aikinsa ne za su bari. Na ce wannan gam ne, na ranar da ya haɗa gadon auta. Wannan tawadar biro ce, kullum sai ya manta bai rufe ba. Wannan karkataccen faci shi ya yi da kansa, muna fushi da juna. Tun rasuwarsa ban yi maganarsa mai tsawo haka ba, har dariya na yi.

Daga nan malamar ta zaunar da ni ta gaya mini gaskiya. Za su iya ceton rigar, amma sai an sa ta a injin sanyi ƙwarin sun mutu, an share fumfunar da burushi mai laushi, an shanya ta ta sha iska. Ƙanshin ba zai tsira ba. Ta ce rigata ce, in ban yarda ba ba mai taɓawa. Na dubi takwararki, ta sunkuyar da kai, ba ta sa mini baki ba. Sai suka fita duka suka ja mini ƙofa. Na sa fuskata a rigar har na gaji, sannan na leƙa na ce su yi aikinsu.

Rigar ta dawo gida yanzu, cikin kwali, a shimfiɗe tsakanin fararen takardu. Na kai hancina, babu komai, Yaya. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ɗaga ta da hannu biyu ta tsaya, aljihun dama yana nan a sake inda yake cusa hannunsa. Jikokinsa za su gan ta. Da kin bi ta dangi, da ni da rigar muna nan cikin duhu muna lalacewa tare. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan ƙaninki, Ya haskaka kabarinsa.

Ki gaishe mini da maigida, da Kawu, da amaryar babban ɗanki da jaririnta. Yara duk suna gaishe ki. Ki daure ki zo ki ga rigar da idonki, amma ki wanke hannu tukuna, don takwararki, ni ma da na haife ta ba ta ɗaga mini ƙafa.

Taki har kullum,
Matar ƙaninki