Shirinka na Asabar da Kwale-kwalen Yaya Modu

Zuwa ga Malam Lawan,
Mai gabatar da shirin finafinai na yammacin Asabar,
A gidan rediyonmu na nan ƙasar Haɗeja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ya ruwa, ya kuma fama da jama'a? Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gonaki daga ambaliya.

Sunana Yagana, tela ce ni a wani ƙauye da ke bakin kogi ta wajen Kirikasamma. Ni ba baƙuwa ba ce a shirinka. Ni ce mai aiko maka da saƙo kusan kowane mako, wadda ka laƙaba wa "Hajiyar Tsoro" ranar da na ce fim ɗin da ka zaɓo bai ko sa na tsayar da keken ɗinki ba. Sunan ya bi ni, har masu kawo ɗinki da shi suke sallama. Don haka ka san wannan takarda ba daga maƙiyi ta fito ba. Sau biyu na aiko saƙo a kan maganar nan ba a karanta ba. Ban ga laifin kowa ba, na san saƙonni suna maka yawa. Shi ya sa na fito da ita fili, don waɗanda suka ji abin da aka faɗa a rediyo su ji wannan ma.

Na farko, bari ka san wanda nake magana a kansa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Modu. Idan ruwa ya cika fadama hanya ta yanke, shi ne yake fito da mutane a kwale-kwale, mata masu zuwa gonar shinkafa da masu kai kifi kasuwa. Ya san inda ciyawar kacalla ta toshe hanya da inda ruwa yake da ja, kamar yadda na san aljihun kekena. Shekarun baya ya kamu da larurar ƙwaƙwalwa. Ya daina barci, ya daina cin abinci, yana ta magana shi kaɗai. Ko a lokacin bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, shi dai aka sha ɗaga wa. Muka kai shi asibiti aka ɗora shi a kan magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Yau shekara bakwai ke nan yana ƙalau, Alhamdulillahi. Kuma bai taɓa ɓoyewa ba. A bakin ruwa yake shan ƙwayarsa ya kora da koko, a gaban kowa, har yakan tsokani samari cewa ga saura idan akwai mai bukata.

Shi ya koya mini kallon finafinan tsoro, kuma shi ya haɗa ni da shirinka. Rediyonsa a cikin leda yake, ɗaure a goshin kwale-kwale. Duk wanda ya shiga jirgin Modu ranar Asabar bayan la'asar, to dole ya ji Malam Lawan, ko yana so ko ba ya so. Idan ka ambaci fim, washegari zai tura a ɗauko masa a wajen masu turawa a waya. Wallahi, Malam, ban san mutumin da yake ɗaukar maganarka da nauyi kamar shi ba. Idan muka yi gardama a kan fim, ya ce haka Malam Lawan ya ce, to magana ta ƙare.

Na biyu, abin da ya faru. Asabar uku da suka wuce ka ba mu shawarar wani sabon fim, na mutumin da aka sallamo daga asibitin masu taɓin hankali. Yana shan maganinsa, yana gaida maƙwabta, yana taya su aiki, ashe shi yake hallaka su ɗaya bayan ɗaya. Ka yabi fim ɗin, kuma ba wannan ne ƙorafina ba. Da ka zo rufewa ne ka yi dariyar nan taka, ka ce jama'a su ɗauki darasi, duk wanda suka san yana shan ƙwayar asibitin ƙwaƙwalwa, idan ya fiye murmushi, to su ja da baya.

Na san wasa kake yi. Ni ma da ina wani gida aka haife ni, wataƙila da na yi dariya. Amma a daidai lokacin Yaya Modu yana tsakiyar ruwa, jirginsa cike da mata sun taso daga gona, rediyo a kunne. Iya Hajjo, wata dattijuwar maƙwabciyarmu da ke cikin jirgin, ita ta ba ni labari. Ta ce hira ta tsaya cak. Wata ta jawo kwandonta ta rungume, wata ta matsa can ƙarshen jirgi har ya karkata. Shi kuwa murmushi yake yi kafin ka faɗa, don yana jin daɗin shirin, sai ya rasa yadda zai yi da fuskarsa. Haka ya tuƙa su har gaɓa, ya riƙe jirgi suka sauka.

Na uku, abin da ya biyo baya, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Cikin mako guda fim ɗin ya zagaye wayoyin ƙauyenmu, tunda kai ka yabe shi. Yanzu mutane sukan tsaya a rana su jira jirgin wani mai fito ya je ya dawo, nasa yana ɗaure a gabansu babu kowa. Mutanen da shekara bakwai yana ƙetarar da su, har da wadda ya taɓa tsamo wa ɗa daga ruwa. Iya Hajjo kaɗai ke shiga, wani lokaci ma ba inda za ta, ta je ta dawo ne kawai don a gani. Allah ya saka mata da alheri.

Rashin fasinja bai dame ni ba kamar ɗayan abin. Yaya Modu ya daina shan magani. Da farko ya koma sha a ɗaki, daga baya na lura ƙwayoyin ba sa raguwa. Da na yi masa magana, a hankali ya amsa mini, ba faɗa. Ya ce ai ƙwayar ce alamar da aka ce a duba, idan ya bar ta mutane za su ga ya warke, su dawo. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa irin tawa wadda duk unguwa ta sani. Na kai maganar ga ma'aikaciyar asibitin da ke duba shi, ta zo har gida, ya karɓe ta da fara'a ya raka ta bakin hanya, bai sha ba. Yau kwana tara. Idanunsa sun fara nuna ba ya samun barci, kuma ni na san abin da ke biyo bayan wannan, don na taɓa gani. Tsoro nake ji, Malam, irin wanda babu fim ɗin da ya taɓa ba ni.

Na huɗu, kada ka ce Hajiyar Tsoro ta zama mai wa'azin a daina kallo. A'a. Na kalli fim ɗin nan har ƙarshe, kuma gaskiya an iya shi, sau biyu na soke yatsana da allura. Sai dai a fim ɗin ba a ce a guji kowa ba, kai ka ƙara mana wannan daga aljihunka. Kuma idan ka waiwayi zaɓinka na bana, za ka ga sau da yawa mugun ciki mara lafiya ne. Haba Malam, duk masu cikakken hankalin da ke cutar mutane da rana tsaka ba su isa a yi fim a kansu ba?

Na biyar, tunda shirinka na ba da shawara ne, ga tamu. Zaɓin Yaya Modu ne, tun kafin wannan abu yake cewa in aiko maka, ni ce na yi ta nauyin jiki. Sunayen na turanci ne masu karya harshe, na rubuta su a wani saƙon waya da na turo maka yau, a nan zan kwatanta kawai. Akwai na wani gida da rijiyarsa take fito da kayan mutum, hula ko takalmi, kwana uku kafin mai su ya rasu. Wannan na kalle shi da hantsi, ƙofa a buɗe, duk da haka sai da na yi mako ina zura guga a rijiya ba na leƙawa. Akwai kuma na wata malamar makaranta da ake aiko wa wasiƙu da irin rubutun hannunta, ana gaya mata abin da za ta yi gobe. Babu jini ko ɗigo a cikinsa, amma zai riƙe ka. Ba zan ɓata maka ƙarshensa ba, illa in ce wanda ya ƙulla abin lafiyarsa lau, har ana ba shi wuri a sahun gaba. Yaya Modu ya fi son na biyun, ya ce fim ɗin kirki shi ne wanda zai sa ka binciki zuciyarka, ba ka hau zargin maƙwabci ba. Ni dai na rijiyar ya fi kama ni.

Ga abin da nake roƙo. Ka ci gaba da kawo mana masu tayar da tsigar jiki, kada ka rage ko ɗaya. Idan fim ya taɓo masu irin wannan larura, ka tuna suna cikin masu sauraronka, su da 'yan'uwansu. Idan da hali ka gayyato wani ma'aikacin lafiya ya yi minti biyar yana bayani. Amma babban roƙona ƙarami ne. Ranar Asabar mai zuwa, da bakinka, ka gaya wa jama'a cewa wasa ka yi kuma wasan bai dace ba, cewa wanda yake shan maganinsa kullum shi ne ya yi abin da ya kamata. Ba sai ka ambaci sunansa ba, zai gane. Ni na faɗa bai ji ba, ta asibiti ta faɗa bai ji ba. Kai idan ka faɗa, magana ta ƙare.

Kada ka yi zaton ya yi fushi da kai. Asabar biyun nan da suka wuce duk ya saurare ka, zaune a jirginsa a bakin gaɓa shi kaɗai, har ya dawo yana gaya mini fim ɗin da ka zaɓa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, ya sa muryarka ta daɗe tana shiga gidajenmu da alheri, ya kuma kiyaye ka da naka daga irin wannan jarrabawa. Ranar Asabar bayan la'asar zan rufe shago in je in zauna a jirginsa, ni da Iya Hajjo. Zan tafi da ƙwayar a ƙulle a bakin zanena, da ruwa a kofi. Muna jiran ka.

Wassalam.

Taka mai sauraro,
Yagana tela, Hajiyar Tsoro.