Takabar Vernon

Cookeville, Tennessee
Ranar Talata

Yayata Maxine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Earl da jikoki. Ya ciwon gwiwar? Don Allah ki daina hawa tsani.

Na san kin ji Opal Rainey ta rasu, tunda babu gidan rediyon da bai fasa kuka ba. Allah Ya ji ƙanta. Muryarta ba ta da ta biyu a waƙar kantiri, irin tamu ta karkara, ban taɓa musu ba. Amma Yaya, zo ki ga mijina. Vernon da ko ranar da muka binne Mama idonsa bai kawo ruwa ba, Vernon da za a shiga da ni tiyata yana tambayar likita inda zai ajiye mota, shi ne zaune cikin tirelarsa a ƙofar gida yana sharɓar hawaye a kan kaset ɗin matar da ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Har maƙwabciyarmu Misis Pickens ta kawo kwanon kaza da burodin masara, irin na gidan makoki. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Sannu da haƙuri, Vernon." Ni kuwa ina tsaye da tsintsiya, ko kallo ban ishe ta ba.

Duk wannan da sauƙi. Kin san duk makon zagayowar bikinmu yakan buga waya shirin zaɓi-sonka a sa mini waƙar Opal, a ce daga wani direba zuwa ga Darlene mai rigar ɗorawa. Shi ke nan rabona na soyayya a shekara, don da bakinsa bai taɓa furta komai ba. Jiya na bar wanke-wanke na zauna gaban rediyo. Sai na ji an ce daga direba Vernon zuwa ga Opal, sarauniyar zuciyarsa. Sarauniyar zuciyarsa, Yaya! Ashe yana da irin wannan maganar a baki.

Kishi nake da gawa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ranar Asabar za a kai ta garinsu a binne, ayarin zai bi ta babban titinmu, kuma Asabar ɗin ce ranar bikinmu. Na kwashe kaset-kaset ɗinta daga motocinsa na cusa a firiza ƙarƙashin naman barewa. In ranar ta wuce bai tuna da ni ba, ki gyara mini ɗakin baƙi, zan zo da akwatina.

Ƙanwarki mai cike da haushi,
Darlene

Ranar Lahadi

Yayata Maxine,

Ina gaishe ki da kyau, da Earl. Allah Ya sa gwiwar ta lafa.

Jiya na bi shi bakin titi, ba don Opal ba, don in gani da idona. Rigar ɗorawar ta daɗe da daina shiga ta, sai na yafa gyale mai launinta ko zai gane. Bai ko kalla ba.

Da ayarin ya doso, kowa ya gangara da motarsa gefe, maza suka fito suka cire malafa. Motar gawa a gaba, bas ɗin makaɗanta a baya, jitarta a jingine a tagar gaba da baƙin ƙyalle. Vernon ya danne malafarsa a ƙirji kamar za a ƙwace. Da suka wuce muka koma mota, ya ƙi tayar da ita. Can sai ya ce, "Darlene, to yanzu wa zai riƙa gaya miki?"

Na ce gaya mini me.

Ya ce, "Abin nan dai. Ita ke faɗa a madadina."

Na ce, "Vernon, bakinka ba ya cikin akwatin nan da ya wuce. Sarauniyar zuciya fa, ai da shi ka faɗa."

Ya ce, "Yaron rediyon ne ya ƙara gishiri. Ni 'na gode' kawai na ce a gaya mata."

Ya miƙa hannu wurin kaset, wayam. Ya dube ni, na dubi taga. Sai kawai na ji ya gyara murya ya kama waƙata da kansa. Yaya, ƙofar rumbun Baba ta fi shi zaƙin murya. A tsakiya ya manta baiti, ya cike gurbin da sunana, kunnuwansa sun yi jawur, bai kuma tsaya ba.

Na yi kuka har wani tsoho ya leƙo ta taga ya miƙo mini hankici ya ce, "Haƙuri, baiwar Allah, dukkanmu muka yi rashinta." Na karɓa, ban gyara masa ba.

Ki bar ɗakin baƙi yadda yake. Kaset-kaset kuwa suna nan ƙarƙashin naman barewa, ba za su fito ba sai ya haddace baiti na biyu.

Taki har kullum,
Darlene mai gyalen ɗorawa