Cokali a Cikin Salteña

Santa Cruz, 4 ga Yuni

Mamita,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Maigidana Rómulo da yara suna gaishe ki.

Shafin da na buɗe wa shagon salteñarki a intanet ya kankama. Na biya wani kamfani, yanzu mutum dubu tara ke bin mu. Kullum ƙarfe bakwai na yamma nake saka hoto, don masana sun ce lokacin aka fi duba waya. Hoton ma ba daga tsohuwar tandarki ba ne, na samo mai kyau a intanet.

Amma ki tuna alkawarinmu. Tun da aka ɗauke tashar mota daga layinku ciniki ya mutu. In bikin Agusta ya wuce bai farfaɗo ba, ki rufe shago ki dawo wurinmu. Ɗakinki na nan a share.

'Yarki,
Marisel

Quillacollo, 15 ga Yuni

Marisel 'yata,

Ina gaishe ku duka. Ƙafa da sauƙi, zuciya ce ba sauƙi.

Dubu taran naki ko ƙeyar ɗaya ban gani ba. Casilda mai sayar da furanni ta duba min su a wayarta, sunayensu ma da wani rubutu ne da ba mu iya karantawa. Mutum biyu sun zo, da yamma. Ke da kika girma a gidan nan, wa ke cin salteña da yamma? Sha biyun rana na yi tanda ta huce.

Duk wannan da sauƙi. Hoton da kika saka, wata ce ta fasa cikin salteña tana ɗibar romon da cokali. Cokali, Marisel, a abin da da hannu ake cinsa. Shekara talatin da ɗaya ina naɗe ƙullu a kan nama da romo, yau an maishe ni abin dariya. Har Hilarión direba ya leƙo ya ce, "Doña Eulogia, a ba ni biyu, da cokali da tawul ɗin jarirai." Na ji kunya har ƙasan raina.

Ki shafa min kan yara.
Uwarki

Santa Cruz, 19 ga Yuni

Mamita,

Barka da war haka. Ki yafe min. Zan goge hoton da duk maganganun tsiyar da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Wataƙila dai harkar ce ba ta karɓe mu ba.

Ki huta lafiya,
Marisel

Quillacollo, 20 ga Yuli

'Yata,

Da fatan kuna lafiya. Sai da na sa Casilda ta kira ki ta hana ki gogewa, yanzu ga dalili. Masu tsiyar nan duk 'yan unguwa ne, na san iyayensu. Su ne mutanen gaskiya na farko da suka yi magana a shafin.

Da lambar sirrin da kika ba ta, Casilda ta ɗauke ni bidiyo ta saka a shafin da ƙarfe tara na safe, da gari a hannuna. Na riƙe salteña a tsaye, na gatsa kan, na zuƙe romon, ko ɗigo bai sauka ba. Na ce, "Kai Hilarión, baki gare ka. Zo ka ci a gabana. Wanda ya gama bai ɗiga ba, gyararsa guda." Duk wanda ya rubuto kuma ina ba shi amsa da sunansa.

Hilarión ya zo da direbobi shida, ya ɓata gaban rigarsa kaca-kaca. Yanzu kafin sha ɗaya faranti wayam. Masu binmu na gaske ba su kai ɗari uku ba, amma su suna zuwa su ci.

Ba zan rufe ba. Ki gaida Rómulo.
Uwarki

Santa Cruz, 26 ga Yuli

Mamita,

Na gaishe ki. Na yi murna, na kuma yi kuka. Gaskiyar ita ce, wani ɓangare na zuciyata so yake shafin ya faɗi. Kewarki nake yi, kuma ban san yadda zan faɗa miki ba.

'Yarki,
Marisel

Quillacollo, 1 ga Agusta

Marisel,

Sannu, 'yar nan. Na sani tun tuni, ni na haife ki. Layin masu saye ya fi ƙarfin hannuna biyu, ga biki ya matso. Ki kwaso yaran ku hau motar Juma'a, ku yi min sati biyu. In an watse ni ma zan biyo ku in yi sati biyu, amma da tikitin dawowa.

Allah Ya kawo ku lafiya.
Uwarki, Eulogia