Motar Alhamis, Asibitin Talata

Anti Zipora, don Allah ki ba ni shawara kafin in ɓata da ɗana.

Ni gwauruwa ce a wani ƙauye bayan Kagoro, ina fama da hawan jini. Asibitin da nake zuwa a Kafanchan ranar Talata suke ganin masu irin ciwona. Mu kuwa motarmu ɗaya ce, ta Gershon, kuma sai Alhamis take fita, ranar kasuwa. Ko ranar ma sai ya gama loda buhunan citta da awaki kafin ya waiwayi mutum. Acaɓa kuma, ga jiri ga rafi da damina, sau ɗaya na faɗo na ce ba zan ƙara ba. In na isa Alhamis, nas ta yi mini faɗa a gaban jama'a kamar 'yar firamare, wai ina wasa da raina, in dawo Talata. Da fukafukai zan dawo?

Yanzu ɗana Henry ya ce in tattara in koma wajensa can birni, a Sabon Tasha, kusa da asibiti. In bar gonata da kabarin mijina, in je in zauna gadin talabijin? Ba inda za ni! Asibitin ma na daina zuwa, maganina ya ƙare tun kafin bikin Ista, zogale nake dafawa. Raina a ɓace yake, Anti. Na yi laifi?

Mai taurin kai, daga gindin dutse

Mama, taurin kanki ya burge ni, amma kina huce haushin kaza a kan dami. Nas ba ta kyauta ba, zaman gidanki kuma haƙƙinki ne. Sai dai Henry ba raina ki ya yi ba, tsoro yake ji, kuma zogale ba zai yi aikin ƙwayar da likita ya rubuta ba.

Alhamis ɗin nan ki bi motar citta ki je. Ki nace sai kin ga likita, ki gaya masa halin motarku, ki roƙi maganin da zai daɗe miki. Sannan ki miƙe a taron Zumuntar Mata na cocinku ki nemi masu hawan jini da ciwon suga, na tabbata ba ke kaɗai ba ce. Direba cikar mota ya sani. In kun cika ta, Gershon zai fita Talata da murna. Henry ya ɗauki nauyin kujerarki.

Ki yi sauri, Mama. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, ba wanda zai tambaye ki kafin a ɗauke ki zuwa Sabon Tasha. Ubangiji ya ba ki lafiya, ya bar ki a gidanki.