Lotsawar Ƙofar Direba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara da ma'aikatan garejinka. Mu ma lafiya lau, sai ciwon ƙafar Mama da ka sani. Baba yana cin abinci, idon dai sai a hankali, mantuwar kuma kullum gaba take yi.

To, na gama gaisuwa. Takarda na ɗauko saboda na san in waya na kira, kafin in kai tsakiyar magana za ka ce kwastoma ya shigo, ka kashe.

Kwalinka ya iso jiya. Na buɗe na ga 'yar mota tana ƙyalli kamar an lashe ta, na ɗauka abin wasa ka aiko wa yara. Sai da na ga lambar da na rubuta da hannuna a jikin bamba, sannan na gane tawa ce. Yaya, wa ya aike ka?

Ka san haukana tun ina 'yar makaranta. In na tashi daga asibiti, inda nake wuni ina ƙera wa mutane haƙoran roba, teburina nake komawa in ƙera ƙananan gingimari da gwangwani da waya. Ka yi mini dariya har ka gaji. Amma wannan ba irin waɗanda ke jere a kabad ɗina ba ce. Motar Baba ce, wadda ya ciyar da mu da ita, wadda aka sayar tun kafin aurena, wadda yanzu kullum yake tambayar Mama inda aka faka ta. Na ce tunda da yatsu yake gani yanzu, bari in sa masa ita a hannu, ko zai gane abinsa kafin mantuwar ta cinye sauran.

Tun bara nake kanta. Tsatsar da ka kankare, soson ƙarfe na jiƙa a ruwan gishiri har ya ruɓe, na riƙa ɗiga ta da tsinken sakace a ƙarƙashin tanki. Madubin da ka miƙe, da gangan na ɗaure shi da waya a karkace, don haka na Baba yake. Kujerar direba da tsohuwar safar hannu na yi ta, na yage gefen har soso ya leƙo. Lotsawar ƙofar direba kuwa, Allah kaɗai ya san ƙofa nawa na ɓata kafin ta fito daidai. Kai kuma ka cike ta, ka goge, ka fesa fenti.

A saman kabad ɗin falon Baba na ajiye ta don gam ya bushe, nesa da hannun yara. Ashe ba yara ne abin tsoro ba. Ka zo gaishe da iyaye, ka ɗauke abin da ba naka ba, ko tambaya babu. Raina ya ɓaci, Yaya, ɓacin da ban taɓa yi da kai ba.

Ka gaida Anti, ita ba ruwanta.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya, da iyali, da aiki. Mama tana gaishe ka, ta ce in rubuta a hankali. Ban yi mata alkawari ba.

Na ga amsarka. Ka ce abin kunya ne a miƙa wa uba mota a ragargaje, Baba ya cancanci sabuwa ko da a wasa ne. Ka ce kai gwani ne a fenti, mutane layi suke bi a garejinka. Ban musa ba. Amma garin gyaran gira ka tsone ido, kuma bari in gaya maka yadda ta kaya.

Ni na so in ɓoye ta, Mama ta hana. Ta ce ɗanta ya yi wahala, a kai wa Baba haka. Muka same shi a kujerarsa ta bakin taga bayan ya karya, na ɗora masa ita a cinya. Ya shafa rufin, ya juya tayoyin, ya bi bodin da yatsa har ƙofar direba. A nan babban yatsansa ya tsaya yana lalube, yana komawa, yana lalube. Sannan ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce mota ce mai kyau, amma ta kamfani ce, in mayar wa masu ita kada su ce ya taɓa. Bai rufe baki ba ya juya wajen Mama ya tambaye ta inda aka faka tasa.

Mama ta shige kicin. Ni na fita baranda na yi kukana, kuma kai na yi ta zagi a zuci, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu bari in faɗi abin da muka daɗe muna zagayewa a gidan nan. Ba tsatsa ce ta dame ka ba, ba madubi ba. Ƙofar ce. Kana tsammanin na manta don ina ƙarama? Ina leƙe ta taga ranar da ka saci makulli a aljihun Baba yana barcin rana, ka ja motar da baya, ka maka ƙofar a ginshiƙin get. Ka diro ka arce gidan Kawu, sai da Mama ta je ta janyo ka. Daga ranar ba ka ƙara shiga motar nan ba, ka tafi koyon gyaran bodi, kana ta miƙe lotsawar motocin duniya har furfura ta fito maka. Baba kuwa, da duk kanikawan da ya sani, bai taɓa bari an taɓa ƙofar ba har ya sayar. Ka taɓa tambayar kanka dalili?

Kunyarka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita. Amma ba ka da ikon goge ta daga hannun Baba.

Na fara kankare fentinka da 'yar wuƙar aikina. Tsatsa zan sake, madubi zan sake. Ƙofar ce ta gagare ni, don abin da ka cika ta da shi ya bushe kamar dutse, in na matsa sai gwangwanin ya tsage. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, na fi ka sanin wannan, sana'ata ce. Amma wannan cizon ya yi jini.

Ƙanwarka da ke fushi,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma gida lafiya, tunda ba ka tsaya an yi maka sannu da hanya ba. Yaya Anti da yara?

Kai dai ba ka canza hali. Ka auna lokacin da nake asibiti, Baba kuma yana barci, ka shigo kamar ɓarawo. Mama ta ce ka zauna a teburina, ka cire ƙofar, ka yanko sabuwa daga gwangwanina, ka ɗora ta a gwiwa ka danna da gindin cokali sau ɗaya tak. Sannan ka ce kana sauri, ko ruwa ba ka sha ba.

Abin haushin shi ne, taka ta fi tawa. Ni a tsakiya na yi lotsawar, ashe ƙasa take kusa da mariƙi, ta ɗan ja baya. Ina zan sani? Ni daga taga na gani, kai kuwa kana ciki.

Da yamma na shafa mata tsatsa, na bari ta sha iska, na kai wa Baba. Yatsansa bai yi lalube ba, kai tsaye ya faɗa cikin lotsawar ya zauna. Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun idonsa na gani. Ya ce ga tsohuwa ta dawo. Ya gyara madubin da ɗan yatsa, ya ƙara karkata shi.

Sai kuma fuskarsa ta canza. Ya kama hannuna ya ce ina Ƙaramin Direba, yadda yake kiranka a da. Ya ce ƙarfe ne, a bar shi haka don yaron ya san ba komai ba ne, amma a duba masa yaron, ya ji ciwo? Mama ta ce wallahi abin da ya fara faɗa ke nan a waccan ranar, yana tsaye a get ba takalmi, kai kuwa ka riga ka yi nisa.

Tun jiya yake maimaita tambayar. Motar tana cinyarsa, ko Mama bai yarda ta karɓa ba. Ya daina tambayar inda aka faka ta, kai yake tambaya.

Mama ta so ta ce masa kana lafiya, na hana ta. Ni ma ba zan faɗa ba. Sau biyu ke nan kana lotsa ƙofar nan kana gudu, kuma ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Likita ya ce ranakun da Baba ke gane mutane raguwa suke yi. Ka rufe garejin nan, ka zo da rana tsaka ta ƙofar gaba, ka durƙusa inda hannunsa zai kai kanka, ka ba shi amsa da bakinka.

Ƙanwarka,
Auta